Keziah da Idon Manya

Tsoro ya fara kama Keziah Ishaya ne a lokacin da Farfesa ya ce mata ta zauna. Duk shekarun da ta yi tana horon ƙwarewa a sashen tiyata na wani asibitin koyarwa, mutumin nan, wanda shi ne shugaban sashen, bai taɓa nuna mata kujera ba. A tsaye yake ba da umarni, a tsaye ake karɓa. Ranar sai ga shi ya ja mata kujera da hannunsa, har yana tambayar ta ko ta karya kumallo.

Bai yi dogon zagaye ba. Ya ce kwantiraginta zai ƙare ƙarshen wata, kuma sashe ya yanke shawarar ba zai sabunta ba. Akwai jarrabawar da sai likita ya ci ta zai wuce mataki na gaba, ita kuwa ta yi ta zama har wa'adinta ya cika. Ta rubutu kullum cinyewa take yi. Ta baka, wadda ake zama gaban manyan likitoci suna jefo tambaya, ita ce kullum take kayar da ita.

"Dakta Ishaya, hannunki yana da kyau, kanki ma yana ja," in ji shi. "Amma tun zuwanki ban taɓa ganin ƙwayar idonki ba. Kin tuna ranar da jijiya ta ɓalle da jini muna tsakiyar aiki? Ke kika fara gani. Me kika yi?"

Ta tuna sarai. Gyaran murya ta yi, ta ce can ƙasan maƙoshi, "Ranka ya daɗe, ko dai..." Sai da nas ɗin da ke gefenta ta daka tsawa sannan aka ankara. Mara lafiyar ya tashi lafiya, amma ba muryar Keziah ce ta cece shi ba.

"Ɗakin tiyata yana son wanda zai ce mini 'Tsaya!' ko da furfurata ta kai ƙasa," ya ce.

Duk maganar nan idonta na kan takalminsa. Har yau za ta iya faɗa maka cewa ruwan ƙasa ne, kuma igiyar ƙafar hagu ta kwance.

Wanda ya san gidan da ta fito ba zai yi mamaki ba. Keziah ce autar Saje Ishaya mai ritaya da matarsa Saloma, mutanen Zuru, can gefen hanyar Dabai. A bariki aka haife ta, ta yi wayo a Zuru bayan mahaifinta ya ajiye kaki ya koma gonar dawa. Tarbiyya biyu ce ta taru mata. Ta Dakarkari ta ce yaro ba ya ɗaga ido gaban babba. Ta soja ta ce ƙarami ba ya magana sai an ba shi izini. Keziah ta haɗiye duka biyun ba ta tauna ba. In ta kawo wa baƙo ruwa, gwiwa biyu a ƙasa. In babba yana magana, kanta a sunkuye har ya dasa aya. A coci kuwa, da ita mata suke yi wa 'ya'yansu gori: "Ba ki ganin Keziah ta gidan Saje?" Saboda haka 'yan matan unguwa ba su cika son ta ba, sai dai lokacin jarrabawa.

Tiyatar ma asalinta daga cikin Saje ta fito. Yana da wani dogon tabo daga ƙirji zuwa cibiya, tsarabar aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya. Kowane baƙo sai ya ɗaga riga ya nuna masa, ya ba da labarin likitan da ya buɗe shi ya ciro ƙarfe ya ɗinke kamar buhu. Daga nan sai ya nuna Keziah da leɓe ya ce, "Wannan ma mai fiɗa za ta zama." Ba wanda ya taɓa tambayar ta, ita ma ba ta taɓa tambayar kanta ba. Ta yi karatu, ta fito likita, ta yi hidimar ƙasa, ta shiga tiyata kamar yadda ruwa yake bin kwarin da aka haƙa masa.

Ta dawo Zuru da damina ta yi tsakiya, duwatsu sun yi kore shar, dawa ta kai kafaɗa. Tun daga tasha take jera kalmomin da za ta faɗa, amma da ta durƙusa gaban mahaifinta sai duk suka watse. Da ƙyar ta haɗa zancen.

Saje ya sosa tabonsa ta saman riga.

"Sata kika yi?"

"A'a, Baba."

"Kin gudu daga bakin aiki?"

"A'a, Baba."

"To wannan ba kora ba ce, canjin bataliya ne. Saloma, a ɗora tukunya, yarinyar nan ta zama kara."

Ya faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, amma Keziah ta lura da cewa tun daga ranar ya daina ɗaga wa baƙi riga. Wannan ya fi faɗa yi mata ciwo. Abinci ya daina shiga. In waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, ko da kuwa kamfanin layi ne ke tallar waƙa.

Mutanen unguwa ba ruwansu da kwantiragi. Su dai sun ji likita ta dawo gida. Kafin mako ya zagayo, barandar Saje ta koma ƙaramin asibiti. Wannan ya zo da tari, waccan da jikanta mai zazzaɓi, wani da takardar magani da ya kasa karantawa. Wata mata da rikicin 'yan bindiga ya koro daga wajen Bena ta zo da ciwon kai da ya ƙi jin magani. Keziah ta zauna da ita a kan tabarma, ta bar ta ta yi magana da Dakarci tun rana na tsaka har inuwa ta juya. Ashe ciwon ba a kai yake ba, a gonar da ta baro yake, da ɗanta da ba ta da labarinsa. Keziah ta haɗa ta da inda za a duba ta sosai, ta kuma ce ta riƙa leƙowa. Da matar ta tashi tafiya ta ce rabon da ta ji kanta sakayau haka tun kafin su yi gudu.

A ranar Keziah ta cinye malmalar tuwo biyu. Ta gane cewa a tiyata mara lafiya barci yake yi, ita kuwa mai ido biyu take so, wanda zai ba ta labari. Akwai fannin da aikinsa ke nan, likitancin iyali, inda likita ɗaya ke duba jariri da kakarsa, ya san gidansu da abin da suke ci. Ta koma kan littafi, ta zauna jarrabawar share fage ta fannin, ta ci, kamar yadda ta saba cin duk abin da ake rubutawa. Ta nemi gurbi a wani babban asibiti a wata jiha, aka kira ta intabiyu.

Nan tsoro ya dawo sabo. Guraben ba su da yawa, ba kuma kullum ake buɗewa ba. Ga tabon rashin sabunta kwantiragi a bayanta. In ta sake sunkuyar da kai gaban manya aka mayar da ita, ta san ƙofar ƙwarewa ta rufe mata, wataƙila har abada.

Da ta yi wa mahaifinta bayanin abin da Farfesa ya ce, Saje ya dube ta.

"Wato ladabin da muka koya miki shi ya kayar da ke?"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"To mu muka ɗaura, mu za mu kwance. Soja ba ya zuwa fagen daga ba atisaye."

Washegari da la'asar aka jera kujeru uku a gindin mangwaro, aka sa teburin guga a gabansu. Saje ya sa tsohuwar hularsa ta soja. Ƙanwarsa, Goggo Monica, shugabar zumuntar mata ta coci, ta zo da tabarau ta ce ita ce Madam Farfesa. Kujerar tsakiya kuwa aka ba Baba Ɗanjuma, don ya fi kowa furfura da iya ɗaure fuska. Baba Ɗanjuma tsohon ɗan kokawa ne, abokin Saje tun suna samari. Tare suka yi golmo, noman da saurayi ke yi shekara da shekaru a gonar surukinsa shi da tsararrakinsa kafin a ba shi mata. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, don haka aka yarda a yi da Hausa.

Keziah ta fito daga ɗaki da farar rigarta ta likita. Tana isowa gwiwoyinta suka kai ƙasa da kansu.

"Madalla da ɗiyar kirki," in ji Baba Ɗanjuma. "Na ɗauke ta aiki."

"Kai, Ɗanjuma!" Saje ya buga tebur. "Abin da muka taru mu hana ke nan. Koma ki sake shigowa. Ƙirji a gaba, ido a kan shugaba!"

Ta sake shigowa. Ta zauna a bakin kujera, ta ɗago kai a hankali kamar mai ɗaga dutse, ta dubi Baba Ɗanjuma. Tsohon ya zabura.

"Ishaya, ɗiyarka ta dube ni cikin ido!"

"Ai shi muke so."

"Mi? Ni da na yi shekara bakwai ina golmo a gonar surukina, har ya mutu ban san ko yana da ido ɗaya ko biyu ba? Wagga yarinya da aka yi goyonta gabana?"

Kan Keziah ya koma ƙasa, har ya fi na da.

Haka aka yi ta fama kwana da kwanaki. In ta sunkuya, Saje ya yi tsawa. In ta ɗago, Baba Ɗanjuma ya ji haushi, sai an ba shi kunu ya huce. Shi kansa Saje, ranar da ta dube shi sosai, sai da ya kawar da kai ya ce wani abu ya faɗa masa a ido. Goggo Monica kuwa ta mayar da zaman wajen neman magani kyauta.

"Dakta, a ce wata mata ce, mai kamar shekaruna, gwiwarta ta dama tana ƙara in za ta tashi daga addu'a..."

"Monica, tambayar intabiyu aka ce, ba ciwonki ba."

"Yaya, ai Madam Farfesa ma tana da gwiwa."

Saloma na bakin murhu tana dariya har da hawaye. Ta ce ita dai shekara talatin ta yi tana gyaran tarbiyyar yarinya, ga tsofaffi uku sun taru da rana tsaka suna ɓatawa.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, abu bai gyaru ba. Da an zo tambayar da ta fi tsoro, wato me ya sa ba a sabunta kwantiraginta ba, sai murya ta maƙale. Ranar ma haka ta faru. Saje ya cire hula ya ce a sha iska. Baba Ɗanjuma ya zaro wata kwalba daga aljihu, mai ruwa baƙi ƙirin, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Goggo Monica.

"Maganin mai lasifika na ranar kasuwa. Yana wanke jini, yana kashe basir, yana ƙara ƙarfi. Tun da na same shi na watsar da ƙwayoyin hawan jinin nan na asibiti. Wata biyu ke nan, garau nake ji na."

"Kun daina?"

Duk suka waiga, don ba su gane muryar ba. Keziah ce, a tsaye.

"Baba, wata biyu kun daina shan magani? Ku da na auna ku da hannuna na ga abin da na gani? Hawan jini ba ya sallama, Baba. Garau ɗin nan da kuke ji, haka kowa yake ji har safiyar da zai tashi ɓari ɗaya ya ƙi motsi. Wa zai ɗaga ku? Wa zai kai ku bayan gida? Ku ba ni kwalbar nan."

"Ke, ɗiyata, ai..."

"Ku ba ni, na ce. Ku miƙo hannu."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko abin awo, ta naɗa masa a dantse, idonta cikin nasa ko ƙiftawa babu. Tsohon ɗan kokawar da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a dandalin bikin Uhola ya miƙa hannu kamar ɗan firamare. Awo ya nuna jinin ya hau sosai. Ta ce gobe da sassafe ita da kanta za ta raka shi asibiti, yau kuma a gabanta zai haɗiyi ƙwayarsa, a aika gida a ɗauko.

Sai da ta gama ta ji shirun da wurin ya yi. Ta dubi kwalbar da ke hannunta, ta dubi mahaifinta, gwiwoyinta suka fara neman ƙasa.

"Kar ki kuskura!" in ji Saje. Ya miƙe tsaye ya ƙame, ya sara mata. "Ga ta nan. Muryar da muke nema ke nan. Ashe tana ciki."

"Ta ci mutuncina," in ji Baba Ɗanjuma, yana gyara hannun riga. "Gaban mata."

"Ta ci, kuma gobe za ka bi ta asibiti."

"Zan bi. Amma a rubuta cewa ta ci."

Da yamma Saloma ce ta warware zancen, tana tsinke zogale. Ta ce, "Ke ba manya kike tsoro ba, sai babban da ba shi da ciwo. To wane babba ne ba shi da ciwo? In kin shiga, ki ɗauka duk sun daina shan maganinsu."

Da wannan guzurin Keziah ta hau mota.

Mutum biyar ta tarar a bayan dogon tebur. Na tsakiya dattijo ne mai furfura, fuska a murtuke, kai ka ce ɗan'uwan Baba Ɗanjuma ne da ya yi boko. Ta tuna maganar mahaifiyarta, ta dube shi irin duban da take yi wa masu zuwa baranda. Sai ta ga idon mutum ne kawai, ja, mai nauyi, na wanda bai samu isasshen barci ba. A ranta ta ce, wannan ma ya daina shan nasa. Ta gaishe su a tsaye, ta zauna har cikin kujera.

Tambayoyin aiki ba su ba ta wuya ba. Can dattijon ya ajiye biro ya ce, "An sallame ki daga tiyata. Me zai sa mu mu ɗauke ki?"

Ba ta sauke ido ba. Ta ce ba a sabunta kwantiraginta ba saboda ta kasa cin jarrabawar baka, ta kasa ne kuma saboda an rene ta a kan cewa yaro ba ya ɗaga murya gaban babba, ita kuma ta kai wannan har inda bai kamata ba. Ta ce shugabanta na da ya yi gaskiya. Sannan ta ba su labarin baranda, da matar Bena, da tsohon ɗan kokawa da kwalbarsa, wanda yanzu kowace safiya yake haɗiyar ƙwayarsa yana zagin ta. Wata likita a ƙarshen tebur ta yi dariya. Dattijon bai yi ba, amma ya tambaye ta nawa awon tsohon ya nuna, da abin da ta ba shi, da dalilin da ya sa ba ta ba shi wani ba. Ta amsa duka, murya a sake.

Ya ce sun gode, za ta iya tafiya.

Daɗi ya rufe ta. Ta miƙe, ta ce ta gode ƙwarai, kafin ta ankara sai ga ta gwiwa biyu a kan siminti, kai a sunkuye, cikakken durƙuson gidan Saje, da farar riga da komai. Hali zanen dutse. Likitar nan ta sake fashewa da dariya. Da Keziah ta ɗago a firgice, ta ga dattijon ya ɗauki biro yana rubutu. Ba ta san abin da ya rubuta ba.

Tun daga tashar can har Zuru rubutun nan take juyawa a ranta. Da ta ba da labari a gindin mangwaro, kwamitin ya rabu. Saje ya ce an ci yaƙi an zo an faɗi a bakin ƙofar bariki. Goggo Monica ta ce dariyar Madam Farfesa ta can alheri ce, ita ta san irin dariyar. Baba Ɗanjuma kuwa ya ce duk cikin abin da yarinyar ta yi, durƙuson nan ne kaɗai na hankali, kuma in dattijon ɗan halak ne, abin da ya rubuta ke nan.

An ce za a kira waɗanda aka ɗauka ta waya. Gidan Saje ba ko'ina sabis yake kamawa ba, sai a kan katangar da ke kusa da rumbu, don haka can wayar take wuni, an kifa mata ƙwarya saboda rana. Keziah tana baranda tana duba mutane, kunne ɗaya a ƙirjin mara lafiya, ɗaya a katanga. In wayar ta yi ƙara har yanzu gabanta yana faɗuwa, Saje kuma yakan riga ta isa, da gudun da bai dace da shekarunsa ba. Shekaranjiya wani baƙo ya zo daga Sakaba, ta ji mahaifinta yana ɗaga masa riga yana ba da labarin Laberiya. Da ya kai ƙarshe ya nuna ta da leɓe ya ce, "Wannan kuma likitar iyali za ta zama. Kar ka yarda ta ga kwalba a aljihunka."

An fara yankan dawa a gonakin Dabai. Har yau ba a kira ba.